Neman kalmar Hausa: "bistro"

Mai Fassara: Salamu alaikum. Ana neman Hausar "bistro". "Gidan abinci" ya yi masa yawa, don a Faransa bistro ƙaramin wuri ne na cikin unguwa, tebura kaɗan a matse, mai wurin na tsaye bayan kanta, girki irin na gida. Me za mu kira shi?

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Malam, kada dai a bar kalmar tsirararta. A Nijar in ka ce wa mutum mu haɗu a bistro, wurin shan giya zai fahimta. Su kansu Faransawa da duka ma'anonin biyu, wurin ci da wurin sha, suke amfani da ita. Yawancin waɗanda suka buɗe irin waɗannan wurare a Paris mutanen yankin Obarnyi na tsakiyar Faransa ne, gawayi da giya suke sayarwa a shago ɗaya, abinci ya biyo baya. Labarin cewa sojojin Rasha ne suka kawo kalmar a 1814 suna ihun "bistro", wato a yi sauri da Rashanci, masana harshe ba su yarda da shi ba, don ba a ga kalmar a rubuce ba sai 1884.

Uwar Girki: To "mashaya" ta fita ke nan, tunda cin abinci ake magana. Abin da ke raba bistro da babban gidan abinci shi ne allo. Ana rubuta girkin ranar da alli, in tukunya ta ƙare a goge. Girkin ma na dahuwa a hankali ne, naman sa ya yi awa uku a wuta, shi ya sa ba a daɗa wani in ya ƙare. Abincin rana daga sha biyu zuwa wajen biyu da rabi, sai a rufe kicin har bakwai na yamma. Wanda ya zo ƙarfe huɗu, kofi kawai zai samu. Mai son ci a kowane lokaci "brasserie" zai nufa, wato gidan abincin da ba a rufe kicinsa tsakanin rana da dare. Burodi da ruwan famfo a tulun gilashi kyauta ne, ladan masu hidima kuma yana cikin farashi. Musulmi ya tambaya kafin ya ce a kawo: dafaffen naman sa irin na yankin Burgundi na Faransa da jar giya ake yinsa, har da gutsattsarin naman alade.

Mai Fassara: Hajiya, to ko "teburin mai abinci" ko "bukka"?

Uwar Girki: A'a Malam. Tebur na bakin titi ne, benci ɗaya, a ci a tashi. A bistro zama ake yi awa guda ko fiye, a kawo abin buɗe baki, sai babban girki, sannan abin zaƙi. Bukka kuwa zana da kara mai karatu zai hango.

Malamin Nahawu: Muna da "maciya", sunan wuri daga "ci", kamar makaranta daga karanta, mahauta daga aikin fawa. Matsalarta ɗaya ce: a baki karin sauti yana raba maciya wurin ci da maciya masu ci, amma a rubuce iri ɗaya ne. In aka ce "maciyar unguwa" an huta, don ɗafin -r na mace tilo ne. Masu ci da "maciyan unguwa" za a ce. Kalmar unguwa kuma ta ɗauko ƙanƙantar wurin da sabon da ke tsakanin mai shi da masu zuwa.

Ɗan Damagaram: Ta zauna, ranka ya daɗe. Jam'i fa?

Malamin Nahawu: Bisa ƙiyasin makarantu, "maciyun unguwa". Kunne bai saba da ita ba tukuna.

Mai Fassara: Madalla. A ambaton farko: "maciyar unguwa, wadda Faransawa ke kira bistro", daga nan maciyar unguwa kawai. Allo ya tsaya allo, "plat du jour" kuma girkin yau. Saura "brasserie".