Abin da masu kunun aya suka ce game da saurin lalacewarsa

Mun zauna da wasu mata masu sana'ar kunun aya, kuma kusan hirar duka a kan abu ɗaya ta ƙare: yadda kunun ke yin tsami kafin la'asar idan zafi ya tsananta.

Yawancinsu sun ce matsalar daga jiƙo take farawa. A tsince ayar, a fitar da tsakuwa da ruɓaɓɓu, a wanke sosai, sannan a sauya ruwan jiƙon kafin a kai niƙa. Wata dattijuwa ta nace a sa mai inji ya ɗauraye injinsa tukuna, don ragowar gasarar da aka niƙa ita ke jawo tsamin. Ni ma na fi yarda da wannan.

A kan kwakwa aka yi saɓani. Tana ƙara garɗi, amma tana sa kunun saurin juyawa, shi ya sa wasu suka tsaya a dabino, citta da kanumfari.

Busasshiyar aya irin ta yankin Maraɗi suka fi so, saboda tana ajiyuwa. In babu wutar firji, a yi kaɗan, a jera robobin cikin kula da ƙanƙara.