Shawarwarin masu zane a Jos kan haɗa tawada da launi

Masu zane da suka tattauna a Jos sun fi daɗewa kan baƙar tawada. Suka ce a jiƙa bagaruwa, a jefa ƙarfe mai tsatsa a ruwan, zai yi baƙi ƙirin, yadda dukawa ke rina fata. Mai son ta makarantar allo ya niƙa gawayi luƙui, ya haɗa da ƙaro. Nan na fi ba ƙarfi, don in babu ƙaro launin kakkaɓewa yake yi daga takarda.

Zoɓo da gangamau suna da kyau, amma rana na koɗar da su. Jar ƙasa kuwa ba ta koɗewa: a tace, a bari ta kwanta, a shanya. Shuni kuma, sai a je marinar Ƙofar Mata a Kano a koya.