Wayar haƙori: wa ya kamata ya sa wa 'yata?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. 'Yata shekararta 13, haƙoranta na sama guda biyu sun turo waje, ko barci take bakinta ba ya rufuwa. Ta tsotsi babban yatsa har ajin uku na firamare, babu abin da ban shafa mata ba, har ruwan shuwaka. Yanzu 'yan ajinsu sun laƙaba mata suna, in za a ɗauki hoto sai ta ja mayafi ta rufe baki.

Na kai ta wani asibitin haƙori a nan Kano. Likitar ta duba, ta ce wannan ba aikinta ba ne, sai ƙwararre a daidaita haƙora, in ma tambaye shi ko yana cikin ƙungiyarsu, wai NAO. Ƙawata kuma ta nuna min wani mai shago da ke sa wa 'yan mata waya mai robobi kala-kala, zama ɗaya an gama, kuɗin ma da sauƙi sosai. Ni abin da ya ɗaure min kai, likitan haƙori ai likitan haƙori ne, mece ce kuma ƙungiya? Babanta dai cewa ya yi duk hanyar cin kuɗi ce.

Likitan Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Hajiya. Likitar nan ta kyauta miki. Dukkanmu digirin haƙori ɗaya muka yi, shekara 6, amma mai daidaita haƙora sai ya ƙara wasu shekaru yana horo a asibitin koyarwa, ya ci jarrabawar kwalejin ƙwararrun likitoci da ke Ijanikin a Legas, ko ta kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma. NAO ƙungiyar waɗannan ce a Najeriya. Ba ita ke ba da lasisi ba, wannan aikin MDCN ne, hukumar da ke yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista. Ita NAO haɗa su take, su yi taro, su ƙaru da juna. Ki gaya wa maigida ba mu muka ƙirƙiro ba: ƙungiyar Amurka tun 1900 wani likitan haƙori, Edward Angle, ya kafa ta a birnin St. Louis, su ne ma suke cewa a fara duba yaro tun yana shekara 7.

Dalilin ƙarin karatun kuwa, haƙori ba a laka yake dashe ba, a ƙashi yake. Wayar a hankali take ja, ƙashin gefe ɗaya yana narkewa, na ɗaya gefen yana ginuwa. Aka cika ƙarfi, saiwar ta gajarce, haƙorin ya fara girgiɗi. Shi ya sa sai an ɗauki hoton muƙamuƙi tukuna, don wani lokacin ba haƙorin ne ya turo ba, muƙamuƙin ƙasa ne ya koma baya, kuma maganinsu daban. A shekarunta ƙashin bai gama girma ba, kin zo a kan gaɓa.

Anti Bilki:
Maman Ilham, don Allah kada ki kai ta shago. Ƙanwata ta sa irin ta gayun nan saboda wani biki. Wata uku dasashinta ya kumbura, in ta goge baki sai jini, ga wari. Da muka koma, mutumin ya tashi daga wurin. Likitan da ya cire ya nuna mana gam ɗin da aka manna, har ya ci farin haƙorin, tabo huɗu ras. Sai da muka kashe fiye da abin da muke gudu.

Baba Alhaji:
Ikon Allah! A zamaninmu mai wushirya har waƙa ake yi mata, yanzu kuɗi ake biya a toshe. Amma ta yarinyar nan daban ce, haƙorin da ya fito waje shi ke fara karyewa in an faɗi. Jikana a filin ƙwallo ya bar rabin nasa.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. Likita, to ta yaya zan gane na gaske? Kuma wata nawa za ta yi da ita? Kwana take makaranta, nan ne damuwata.

Likitan Tudun Wada:
Ki fara da sashen haƙori na asibitin koyarwa, ki ce asibitin daidaita haƙora kike nema. In na kuɗi za ki je, ki tambaye shi kai tsaye inda ya yi horonsa da rajistarsa ta MDCN, na gaske ba ya jin haushin wannan tambayar. Galibi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ne, ana komawa duk bayan sati 4 zuwa 8 a gyara wayar. Bayan an cire akwai roba ko siririyar waya da za ta riƙe haƙoran, in ta yi wasa da ita sai su koma gidan jiya. Rake, ƙashin nama da cingam kuwa sai haƙuri.

Maman Ilham:
Tab, rake! Ita da ke shanye sanda guda a zaune. Bari in fara zuwa wurin shugabar makarantarsu in ji ko za a riƙa ba ta izinin fita, sannan in san yadda zan shawo kan babanta.