Python ɗina ya ƙi tashi, wai bai ga libpython ba

sabon_shiga: Salamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min. Na haɗa Python 3.12 da kaina a saba mai Rocky Linux 8, na sa --enable-shared, komai ya tafi lafiya har make altinstall ya gama, amma ina buga python3.12 sai ya ce min error while loading shared libraries: libpython3.12.so.1.0: cannot open shared object file. Kuma wallahi fayil ɗin yana nan a /usr/local/lib, da idona na gan shi. Da na sa export LD_LIBRARY_PATH=/usr/local/lib a .bashrc (fayil ɗin da bash ke karantawa in na buɗe taminal) sai ya tashi, amma da sudo ko ta systemd (mai kunna shirye-shiryen saba) sai matsalar ta dawo. Tun la'asar nake kai.

malam_root: Wa alaikumus salam. Ƙanena fayil ɗinka lafiyarsa ƙalau, ld.so ne, wato mai nemo wa shiri laburarensa lokacin tashi, bai san ya leƙa can ba. Shi ba ya bin foldoji ɗaya bayan ɗaya yana nema, akwai jerin da yake dubawa a /etc/ld.so.cache sannan /lib64 da /usr/lib64, su kuma dangin Red Hat irin Rocky ɗinka ba sa saka /usr/local/lib a ciki, ba kamar Debian da Ubuntu ba da suka zo da shi a libc.conf. Buɗe sabon fayil /etc/ld.so.conf.d/local.conf ka rubuta /usr/local/lib layi ɗaya kawai, sai ka buga sudo ldconfig don ya sabunta jerin. Don ka tabbatar, ldconfig -p | grep libpython, ko ldd /usr/local/bin/python3.12 ka ga "not found" ɗin ya ɓace.

Shi kuwa sudo da gangan yake zubar da LD_LIBRARY_PATH saboda tsaro, kar wani ya cusa wa root laburaren bogi, systemd kuma ba ruwansa da .bashrc ɗinka.

yar_zariya: Abin da Malam ya faɗa daidai ne, ni dai roƙona kar ka bar wancan export ɗin a .bashrc. Ana duba shi kafin jerin na ldconfig, kenan duk shirin da ka kunna sai ya fara leƙa foldar nan, ni na taɓa sa foldar wani OpenSSL da na haɗa a ciki, washegari curl ya ƙi aiki yana kukan sigar laburare, sai da na yi LD_DEBUG=libs curl na ga inda yake ɗaukowa. Kuma in ka rubuta shi da : a ƙarshe babu komai bayansa, yana nufin foldar da kake tsaye, wannan haɗari ne sosai.

In da ni ce zan sake haɗawa da LDFLAGS="-Wl,-rpath,/usr/local/lib" a gaban ./configure, hanyar ta shiga cikin shirin kansa, bai shafi kowa ba. readelf -d zai nuna maka ita.

malam_root: Haka ne Hajiya, musamman in saba ta mutane da yawa ce. In kuma ba ya son sake jiran make, patchelf --set-rpath ma yana yi.

sabon_shiga: Alhamdulillah ya tashi, har ta systemd! Na bi ta ldconfig tunda ni kaɗai nake amfani da sabar, na goge layin .bashrc ɗin ma. Allah ya saka da alheri Malam, Anti na gode. Gobe zan gwada rpath a kwamfutar gida.