Tayar baya tana zafi kamar garwashi, fad ɗin burki yana cinyewa gefe ɗaya: wa ya taɓa gani?

Baban Khalil, Unguwan Dosa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman wanda ya taɓa shiga irin wannan. Motata Accord 2008 ce, yau kusan wata biyar kenan tayar baya ta hannun dama tana ɗaukar zafi, ba ƙaramin zafi ba fa, daga Kawo zuwa Kakuri kawai in na tsaya sai in ji ƙauri kamar ana ƙona roba, rim ɗin ba ya taɓuwa, amma na hagu lafiya lau ɗumi-ɗumi. Sau biyu ina canza fad, duk lokacin da aka kwance sai a ga na ciki ya cinye saura ƙarfe na waje kuma kamar jiya aka sa shi. Ga mai da take sha, ga nauyi in zan tashi kamar ana riƙe ta ta baya. Ranar Asabar zan kai iyali Zariya kuma wallahi hankalina bai kwanta ba. Me ya kamata in ce a duba?

Abu Hanan, Rigasa:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai ka daina sayen fad tukuna, ba shi ne mai laifi ba. Ni tawa Camry Muscle ce haka ta yi min bara bayan damina, ka san hanyoyinmu na cikin unguwa in ruwa ya sauka laka har gindin ƙofa. Da aka kwance kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin diskin burki, sai ga fil ɗin nan guda biyu da take zamewa a kansu, ɗaya ya kafe ƙam da tsatsa sai da aka sa guduma, robar da ke rufe shi ta yage ruwa ya shige. To in kalifa ba ta zamewa fistin ne kaɗai ke tura fad na ciki, na waje yana zaune, shi ya sa kake ganin ɗaya ya ƙare ɗaya sabo. Aka goge fil da samfefa aka sa giris da sabuwar roba shikenan. Ka ce a zaro su a gabanka, da yatsa biyu ya kamata su fita su koma.

Injiniya Bala:
Abu Hanan ya yi gaskiya amma akwai abin da zan ƙara, wane giris aka sa maka? Sbd yawancin yaran gareji baƙin giris ɗin nan na boris, wato abin da taya ke juyawa a kansa, suke lakatowa su shafa, shi kuma da man fetur aka yi shi, yana kumbura roba. Wata biyu uku robar ta kumbura ta shaƙe fil ɗin ka dawo gidan jiya. Akwai giris na silikon wanda aka yi musamman don burki, fari ko mai haske, ɗan ƙaramin tiyub ne ana samu a Oriakpata, ka saya da kanka ka miƙa musu. Haka man inji ko WD-40 kar ya taɓa robar burki.

Abu Hanan, Rigasa:
Kai Injiniya ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi, baƙin ne kuwa aka sa. Gobe in sha Allah zan koma a wanke.

Malam Idi mai Golf, Hayin Banki:
Ni matsalata daban ce, ba fil ba ne. Golf 4 nake ja ina lodin Kaduna zuwa Zariya. Wata rana bayan na wuce Maraban Jos wani fasinja a baya ya ce direba hayaƙi fa, na tsaya kafin Jaji na ga tayar hagu tana turiri. Hanbirki ne. A irin motocin nan wayar hanbirki kai tsaye take jan wani ɗan hannu a jikin kalifa, to wayar ta tsage ruwa ya shiga cikin bututunta ta yi tsatsa, in ka ja ta kama in ka sauke a ciki sandar ta sauka amma can ƙasa ba ta saki ba. Na sa sukundireba na danna hannun ya koma wurinsa na lallaɓa har Zariya ban sake jan hanbirki ba, dutse nake sa wa taya. Baban Khalil taka ma haka tsarin hanbirkinta yake, ka sa wani ya ja ya sauke kai kuma ka leƙa ƙasa ka gani ko hannun yana komawa har ƙarshe a dukkan ɓangarorin biyu. Kuma masu otomatik da ba sa jan hanbirki sam sai dai su sa a P, su ma yana kafe musu don rashin motsi.

Usta Garba bakanike, Tudun Wada:
Salam. Na karanta duka, kowa ya faɗi gaskiyar abin da ya same shi, amma Alhaji kar ka je gareji ka ce a canza kaza a canza kaza, kuɗinka za su ƙare ba a gano ba. Shekarata sama da ashirin a wannan aiki, ga yadda nake yi kuma ba ya ɗaukar rabin awa.

Ka ɗan zaga da motar har tayar ta fara kamawa, a ɗaga ta da jak a sa mata tsaro, a juya tayar da hannu. In ta yi tauri sai a ɗan kwance notin bilidin na jikin kalifar, wato wanda ake fitar da iska daga burki ta cikinsa. In man burki ya yi tsartuwa taya ta saki nan take, to kalifa ba ta da laifi, mai ne ke shiga ba ya komawa, ka nemi tiyo ko abin da ke gabansa. In kuwa an kwance noti mai ya ɗiga kawai taya na nan a kame, to matsalar ta ƙarfe ce, fil ko fistin ko hanbirki ko kuma fad ɗin kansa ya matse a mazauninsa. Wannan na ƙarshen mutane ba sa kula da shi, tsatsa tana taruwa a ƙarƙashin 'yan ƙarafunan da kunnen fad ke zama a kai ta ɗago su, sai ka ga yaro yana buga fad da guduma don ya shiga, to fad ɗin da ya shiga da guduma da me zai ja baya?

Shi kansa tsohon fad ɗin shaida ne, kar ku bari a yar. In na ciki ya fi cinyewa, fil ko fistin. In na waje ne ya fi, kusan kullum fil ne. In ya cinye a karkace kamar bakin gatari, fil ɗaya na motsi ɗaya ya kafe. In duka biyun sun cinye a taya ɗaya na ɗaya tayar kuma suna nan, wani abu ne ke riƙe ta gaba ɗaya.

Maman Ilham, Malali:
Usta sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Ni ma irin motar Baban Khalil ce da ni kuma abin da ya faru da ni ya fara ne ranar da aka canza min fad, kafin nan lafiyarta ƙalau. Na ɗauko yara daga makaranta na biyo ta Ali Akilu cikin gosulo sai ƙauri, na ɗauka ma wata motar ce. Ƙanina ne ya kai ta wani wuri daban, mai gyaran yana buɗewa ya ce fistin na bayan wannan motar ba a danna shi, murɗa shi ake yi yana shiga kamar noti sbd hanbirki a cikinsa yake, shi kuwa wanda ya canza min fad da ƙarfi ya matsa shi. Kuma a fuskar fistin akwai tsaga kamar alamar tarawa, a bayan fad na ciki akwai wani ɗan tsini da dole ya faɗa cikin tsagar, in bai faɗa ba fad ɗin a karkace zai zauna yana gugar diski ko ba ka taka ba. Ya nuna wa ƙanina yadda tsinin ya lotse. Sai da aka canza kalifar ɗungurungum. Abin ya ɓata min rai gsky, da yara a mota, kuma ni da kuɗina na je a gyara min.

Baban Khalil, Unguwan Dosa:
Hajiya wannan magana taki ta tsaya min a rai, domin na tuna canjin farko na ga yaron ya sa ƙarfen taya yana ɓanɓarar fistin yana cewa ya yi tauri. Ban san komai ba na yi shiru.

Sadiq Barnawa:
Ni in tawa ta yi zafi ruwan leda nake watsa mata in ci gaba, kuma akwai wanda ya ce min a matse tiyon tayar da fulaya a kashe burkin wannan ƙafar, ai na gaba ne ke yin yawancin aikin.

Usta Garba bakanike, Tudun Wada:
A'a Sadiq ɗana, don girman Allah ka bar duka biyun. Diski mai zafi ka watsa masa ruwa zai iya lanƙwashewa ko ya tsage, daga nan ka taka burki ka ji feda na rawa. Ka tsaya gefe ka bar shi ya huce da kansa. Kashe ƙafa ɗaya kuwa, eh na gaba ya fi aiki amma na baya shi ke riƙe gindin mota kar ya juya, ranar da ka taka da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta a baifas ko hanyar Abuja za ka ga motar ta wulƙita. Na ga motocin da aka jawo mana saboda haka, ba labari aka ba ni ba.

Injiniya Bala:
Kuma abin da ya fi ba ni tsoro a zafin nan ba fad ba ne, man burki ne. Shi yana tsotsar danshi daga iska a hankali. Man burki mai lamba DOT 4 sabo sai ya kai 230 a ma'aunin Selsiyus kafin ya tafasa, in ya sha ruwa yana saukowa wajen 155, DOT 3 kuma daga 205 zuwa 140. To kalifa ta yi ta dahuwa tun daga Rigachikun, man ya tafasa ya zama kumfa, ka taka feda ta tafi ƙasa babu komai. In ya huce burki ya dawo kamar ba a yi ba, mutum ya ce ai aljanu ne. Mu nan ba ma canza man burki sai dai ciko, mota ta zo daga Kwatano da man da aka zuba tun a Turai mu yi shekara bakwai a kai, alhali duk shekara 2 zuwa 3 ya kamata a zubar a sa sabo. Ruwan cikinsa shi ke sa fistin tsatsa ta ciki. Sannan zafin yana narkar da giris ɗin boris, ka ga ciwo ɗaya ya haifi na biyu.

Ɗan Mando:
Tawa tiyo ne, kamar yadda Usta ya faɗa. Kalifa biyu na saya 'yan Baljiyam ban huta ba. Daga waje tiyon lafiya lau ba tsaga ba ɗiga, ashe ta ciki ya ruɓe ya zama kamar bawul, in ka taka ƙarfin ƙafa ya tura mai ya wuce, dawowa kuma ya gagara sai a hankali. Alamarsa da safe mota sakayau, sai ka yi ta taka burki a cikin gari sannan ta fara kamawa, ka ajiye ta minti ashirin ta saki. Wani tsoho ne a Panteka ya yi gwajin notin nan a gabana, abin da ya fi komai araha shi ne ya wahalar da ni wata huɗu.

Shehu Kinkinau:
Ku ƙara da wannan ko zai amfani wani. Ni ba taya ɗaya ba ce, dukkansu ne suke ɗumi motar ta yi nauyi, bayan an taɓa min suwic ɗin fitilar burki da ke saman feda. An ɗaure shi ya yi yawa feda ba ta dawowa har sama, ramin da mai ke komawa ta cikinsa a masta, wato famfon da feda ke dannawa, ya toshe. Ka sa ƙafa ka ɗago feda sama, in ka ji mota ta saki to nan ne. Amma na Baban Khalil tunda ƙafa ɗaya ce ban zaci shi ba ne.

Baban Khalil, Unguwan Dosa:
'Yan uwa na dawo, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na kai ta na tsaya a kansu tun safe. Mun yi gwajin Usta, aka kwance noti taya ba ta saki ba, to mun san ba tiyo ba ne. Da aka sauke kalifa abu biyu muka tarar, fil na ƙasa ya kafe ga baƙin giris ya daskare kamar kwalta, sannan maganar Maman Ilham ta tabbata, tsinin fad bai shiga tsaga ba har ya yi wa fistin tabo, robar fistin ma ta yage. Mun gwada murɗa shi ya ƙi shiga daidai don haka na sayi wata kalifar, aka sa fad sabo a ɓangarorin biyu duk da na hagu bai ƙare ba, aka zubar da tsohon man burki wanda ya yi baƙi kamar shayi aka sa sabon gwangwani. Na je har Maraban Jos na dawo, na kai bayan hannu kusa da rim dama da hagu zafinsu ɗaya.

Saura abu ɗaya Usta, diskin dama ya yi shuɗi-shuɗi kuma akwai 'yar gargada in na shafa, mai gyaran ya ce a kai a fere shi ni kuma na ce bari in tambaya.

Usta Garba bakanike, Tudun Wada:
Alhamdulillah Alhaji. A jikin diskin akwai inda aka rubuta iyakar kaurin da aka yarda ya kai, a goge tsatsa a duba a auna. In ferewa za ta kai shi ƙasa da haka ko ka ga 'yan tsage-tsage a fuskarsa, a canza, kuma biyu ake canzawa tare. Kafin a sauke jak a kama tayar sama da ƙasa a girgiza, a juya ta a saurara, wata biyar tana cin wuta ina zargin boris ɗin nan. In ka shigo Tudun Wada kafin Asabar ka biyo in saurare shi da kunnena.