Firobabiliti na neman kayar da ni, a ba ni shawara

Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka, kaina ya kulle. A nan Jos nake, ina aji ɗaya a jami'a, kuma akwai kwas ɗin ƙididdiga da dole sai na ci shi. Ni asali ba wannan sashen na nema ba, likitanci na cike a JAMB makina bai kai ba, Baba ya ce in karɓi abin da aka ba ni kada in yi zaman gida kamar yayata. Da asuba ina taya Umma jera kayan miya a rumfarta a Farin Gada, ga sanyin nan, kafin in samu keke in isa har an cika aji, a bakin taga nake tsayawa. Farkon kwas ɗin lafiya lau, matsakaici da standad dibiyeshan (ma'aunin yadda lambobi suka warwatsu) duk ina yi. Da aka shiga firobabiliti, wato lissafin yiwuwar faruwar abu, sai komai ya dagule. A tes aka ce jaka na da jan ƙwallo 3 da baƙi 2, an zaro biyu ba a mayar da na farko ba, mene ne yiwuwar duka su zama ja. Na rubuta 9/25, aka kafta min jan biro. Kuma fomulolin nan duk na haddace su. Jarrabawa ta ƙarato, ina tsoron kariyoba, wato in faɗi in maimaita kwas ɗin. Ya zan yi?

Bash: Ƙanwata kwantar da hankalinki, ni da A na ci kwas ɗin nan. Doka biyu ce kawai. Kin ga an ce wannan DA wancan, ki ninka. Kin ga an ce wannan KO wancan, ki tara. Sai ki nemi tambayoyin shekarun baya ki haddace, maimaitawa ake yi. Ki sayi kalkuleta Casio fx-991ES, magana ta ƙare.

Malam Idi: Wa alaikumus salam. Ai ninkawar ta yi, Bashir, ga shi ba ta ci ba. 'Yata, a zarowar farko ja 3 ne cikin 5. Da kika cire ja ɗaya, saura ja 2 cikin ƙwallo 4. To 3/5 sau 2/4, shi ne 6/20, wato 3/10. Amsarki ta 9/25 daidai ce da a ce an mayar da ƙwallon cikin jaka. Dokar "ko" ɗin ma tana da rami. Jefa ɗan lido guda, mene ne yiwuwar ya ba da lambar da 2 ke rabawa ko wadda ta wuce 3? In kin tara 3/6 da 3/6 kin samu 1, kamar dole ne ke nan. Alhali 4 da 6 kin ƙirga su sau biyu. Lambobin su ne 2, 4, 5, 6, amsa 4/6. Ki ajiye fomula tukuna, ki riƙa jero duk abin da zai iya fitowa a takarda kina ƙirgawa.

Bash: Malam da girmanka, wa ke da lokacin jere-jere a zauren jarrabawa? Ita maki take nema. Ni ban taɓa jero komai ba kuma ga sakamakona.

Maman Hanif: Hmm, kin tuna min namu malamin lokacin da nake karatu a wani gari. In ba ka sayi handawut ɗinsa ba ko Einstein ne kai sai ka maimaita. Sau biyu na zauna wa kwas ɗin, ina goyon Hanif. Yau kuma ɗinki nake, ban ga inda firobabiliti ya tsinana min komai ba. Allah ya isa dai.

Sadiya: Ni dai ki bar zuwa kasuwar nan har a gama jarrabawa. Ba ki da ƙanne ne?

Ummi: Anti Sadiya ba kasuwa ce matsalar ba, ƙannena 'yan firamare ne, kuma da rumfar ake biya min kuɗin mota. Malam na gode, amma a littafin da na kwafa wajen ƙawata haka aka yi, 3/5 sau 3/5. Ni ina ga malamin ne bai bayyana tambayar da kyau ba.

Malam Idi: Duba littafin da kyau, za ki ga a wancan misalin an mayar da ƙwallon. Samo tumatir 3 da attaruhu 2 a rumfar Ummanku ki zuba a leda ki gwada da hannunki.

Bash: Ki rabu da tumatir ƙanwata. Ina tutoriyal ranar Asabar a Unguwar Rogo, ki min magana ta gefe.

Sadiya: Wai ma nawa kika ci a tes ɗin? Kuma wane sashe kike? Ba ki faɗa ba.

Ummi: Yaya Bash nawa ne kuɗin tutoriyal ɗin? Amma Asabar da safe ina kasuwa.