Saitin bindigata na gocewa in bututu ya yi zafi, meye matsalar?

Ɗan Katsina a Texas:
Salam yan uwa. Ina da bindiga Remington 700 mai cin harsashi samfurin .308, da ita nake zuwa filin gwajin harbi nan kusa da Houston. A yadi 100 harsashi ukun farko suna haɗuwa cikin inci ɗaya, amma da zarar bututun ya ɗau zafi sai su fara hawa sama suna karkata dama. Ni nake ɗura harsashina a gida, kan harsashin nauyinsa giren 168 ne (giren ma'aunin nauyi ne). Laifin ɗurin ne ko na bindigar?

Maharbi:
Wslm. Malam kafin ka zargi ɗuri duba ƙota tukun. Ɗauki takardar dala ɗaya ka zura tsakanin bututu da ƙota ka ja ta baya, in ta maƙale a hanya to nan ƙarfen ke taɓawa, kuma ƙarfe in ya yi zafi buɗewa yake sai ya tokari wajen, shi ke ture maka harsashi sama. Sannan notinan da suka riƙe bindigar da ƙota da na madubin saiti, ka tabbata babu mai sako-sako.

Bazazzage:
Gaskiyar Maharbi ne, ɗuri mara kyau warwatsa harsashi yake ko ina, ba ya tafiya gefe ɗaya a jere haka. Amma dan Allah ka auna albarushin kowane harsashi a kan sikeli, kar ka gauraya kwanso na kamfanoni daban, kuma kar ka wuce abin da littafin masu albarushin ya ce ko da wani ya rantse maka.

Tsohon Soja:
Kun tuna min Makurdi lokacin muna kula da jirgin yaƙi MiG-21. Igwarta mai baki biyu ce, milimita 23, a ƙarƙashin cikin jirgin take. Sai mun ɗaga jirgin a kan jak mun daidaita shi tsaf, a kafa allo a gaba, a leƙa ta cikin bututun har layinsa ya haɗu da madubin matuƙi, rana na dukanmu kakin ya jiƙe sharkaf amma ba mai gaggawa domin ran mutum ne a sama. Wallahi har yau in na ji ƙarar jirgi sai na ɗaga kai. Yaro ka riƙa barin bututun ya huce tsakanin harbi, in ba ka iya riƙe shi da hannu to ka dakata.

Ɗan Katsina a Texas:
Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. Maharbi na gwada takardar yanzu, ta maƙale daf da ƙarshen ƙotar. Zan kai wa mai gyaran bindiga ya kankare wajen ranar Asabar in sha Allah.